Jan Layi a Taswirar Kabara

Shafi na 19

Bismillahi, mu buɗe na yau. Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sarara min haka nan, yatsuna ba inji ba ne. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto wai Yaya Zaharaddeen "namiji ne, ya san abin da yake yi", matso gaba ki samu kujera, shafin yau naki ne.

*

Tun ƙarfe tara na safe Nana Hauwa take zaune a layi na bakwai, gefen mata, da katin taro rataye a kan hijabinta. BAƘUWA aka rubuta a jiki. Na yayanta Zaharaddeen kuwa, wanda ta gani a adaidaita sahu suna tahowa, MAI GABATARWA aka dangwara masa, har da hotonsa yana washe baki.

Ɗakin taron nan na kusa da Ƙofar Ɗan Agundi ya cika maƙil. 'Yan Kaduna, 'yan Jos, har da 'yan Legas, kowa da laftof a cinya. Taron masu rubuta manhaja ne, irin wadda suke kira open source, wato aikin da za ka yi ka baza a fili, kowa ya buɗe ya gani, ya kwafa, ya gyara, ba sai ya nemi izininka ba. Abu ɗaya tak ake bar maka a wannan harka, shi ne sunanka. Duk abin da ka rubuta ka ajiye, shafin intanet na aikin zai buga sunanka a gefe, da rana da lokaci.

To ita sunan ne ba ta da shi.

Shekara biyu cur ta yi tana rubuta Lungu, manhajar da take nuna wa mutum hanya a lungunan cikin birni, inda taswirar waya take rikicewa ta kai ka ta haɗa da bango. Da ƙafarta ta auna Kabara da Yakasai, takalmi uku ta kashe. Sai dai a tsohuwar laftof ɗin Yaya ta fara, wadda ya yar bayan ya gama bautar ƙasa, kuma sunansa ne saite a ciki. Sai da ta yi wata huɗu sannan ta lura duk abin da ta ajiye da sunansa yake fita. Da ta yi masa magana ya ce, "Haba Nana, ni da ke wa ya raba? Canza suna yanzu zai hargitsa tarihin aikin. Ki bari, ranar babban taro a gaban kowa zan kira sunanki."

Yau ce ranar.

Jamila, ƙawarta tun ajin farko a jami'a, ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Gyara zama, ga mutumin naki ya hau."

Zaharaddeen ya hau dandamali cikin farar shadda, ɗan makirfo maƙale a wuyan riga. Maganar gaskiya, Allah ya ba shi baki, wannan ko maƙiyinsa ba zai ƙwace masa ba.

"Kafin na ce komai," ya fara, "ga lamba nan a allo. Kowa ya haska ta da wayarsa, ya kwafi aikin nan zuwa nasa shafin. Yanzu, yanzu. Lungu ba tawa ba ce, ta kowa ce."

Wayoyi suka ɗaga sama kamar an ce a yi zaɓe.

"Ta kowa ce ban da mai ita," in ji Jamila ƙasa-ƙasa.

"Ki yi shiru mana. A ƙarshe zai faɗa."

"Allah ya sa."

"Shekara biyu na yi ina yawo a lungunan nan da ƙafata," Zaharaddeen ya ci gaba. "Wallahi takalmi uku na kashe."

Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi.

Nana Hauwa ta sunkuyar da kai ta kalli ƙafarta. Na huɗun ne a ƙafar, shi ma ya fara buɗe baki. Har takalman ya haɗa ya kwashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ba komai, ta ce a ranta, ya ɗauki takalman, ya dai kira sunan.

Taswira ta fito a babban allo, shuɗayen layuka sun bi ko'ina kamar saƙar gizo. Ta san kowanne. Ga lungun masu ɗinkin hula, ga kwanar da kwata ta cinye mata silifas, ga inda akuya ta biyo ta har bakin masallaci.

"Yanzu kuma," ya ce, yana ɗaga yatsa, "ga abin da babu wanda ya taɓa gani. Jiya-jiya na ƙara shi. Daga tsakiyar Kabara zuwa bakin titi, minti goma sha uku ne ta lungu. Ni kuwa zan kai ka a minti huɗu."

Ya danna.

Jajayen layuka suka feso a kan shuɗayen, da jan ɗigo a kan kowane gida.

Nana Hauwa ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Lafiya? Ke zauna, ana kallonki!" Jamila ta jawo hijabinta.

"Jamila, jan layin. Ya ɗora jan layin."

"Mene ne jan layi?"

Jan layin nan ba lungu ba ne. Hanyar mata ce, 'yan ƙananan ƙofofin nan da suke tsakanin gida da gida a tsofaffin unguwanni, ta bayan madafi, ta gefen rijiya, waɗanda mace za ta bi ta ratsa gida shida ba ta taka waje ba. Iya 'Yardada, tsohuwar ungozomar Kabara, ita ta riƙe hannunta ta bi da ita ɗaya bayan ɗaya, saboda in haihuwa ta zo da gardama a san ta inda za a fi saurin fitar da mace zuwa titi. Sai da ta sa ta dafa kanta kafin su fara.

"'Yar nan, na ungozomomi ne kawai. Ko babanki kada ya gani."

"Wallahi Iya, ko Baba."

Shi ya sa ta ware shi a jaka daban cikin laftof ɗin, ta rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A ƊORA. Har baki da baki ta faɗa wa Yaya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ga shi yanzu a allo mai tsayin mutum biyu, ana yi masa tafi.

Ta ciro waya ta rubuta masa: *Yaya don Allah ka rufe jan, cikin gidajen mutane ne.* Ta ga ya kalli wayar da ke kan teburi, ya kifa ta, ya ci gaba da zuba.

Haka ya kai ƙarshe. Ya gode wa Allah, ya gode wa masu shirya taro, ya gode wa malaminsa na sakandare, ya gode wa mai shayin bakin layinsu wai shi yake ba shi ƙarfin aiki. Aka yi dariya, aka tafa.

"Na gode ƙwarai. Assalamu alaikum."

Shi ke nan.

Jamila ta juyo ta kalle ta. Mai shayi ya samu shiga, ita ba ta samu ba. Amma wallahi a wannan lokacin ba sunan ne a gabanta ba, addu'a kawai take Allah ya sa a kashe allon kafin wani ya danna ɗigon ja ko ɗaya.

Mikail, saurayin da yake jan ragamar taron, ya karɓi makirfo.

"Masha Allah! Akwai mai tambaya?"

Hannu ɗaya ya riga kowa tashi, daga layin gaba. Malam Nata'ala ne, ɗan Yakasai, wanda ya fi shekara ashirin a harkar, rabin 'yan ɗakin a hannunsa suka koyi aiki. Mutum ne mara hayaniya. Yau kuwa ko sallama bai yi ba.

"Malam Zaharaddeen, jan layin nan lunguna ne?"

"Eh, ƙananan hanyoyi ne, Malam, irin waɗanda..."

"Danna min ɗigo na uku daga hagu."

"Malam, lokaci..."

"Danna."

Ya danna. Rubutu ya fito a allo, ƙato, kowa yana gani. Nana Hauwa ta runtse ido, don ta san abin da ta rubuta.

Malam Nata'ala ya karanta a hankali, kalma bayan kalma.

"Gidan Hajiya Binta, Yakasai. Ƙofar bayan madafi ba ta da sakata, turawa kawai ake yi. Ita kaɗai ce a gidan da rana. Ba ta ji sosai."

Ya ɗago ya kalli Zaharaddeen.

"Ka san wace ce Hajiya Binta?"

Zaharaddeen ya lashi leɓe.

"Mahaifiyata ce. Shekararta saba'in da takwas. Ka tara mutum ɗari huɗu ka gaya musu uwata kurma ce, ita kaɗai ce a gida, kuma ƙofarta ba sakata. Danna na gaba."

"Malam, a yi haƙuri..."

"Ba sai ka danna ba, ga shi a wayata. Gidan marigayi Alhaji Sani, babu namiji a gidan. Gidan Alhaji Ilu, a bi ta ɗakin 'yan mata. Gida arba'in da ɗaya na ƙirga. Wannan taswira ce ko jagorar ɓarayi?"

Nan fa ɗaki ya hargitse. Masu salati na yi, masu tsaki na yi, wasu kuma sun ɗaga waya suna ɗaukar allon hoto.

Nana Hauwa tana kallon yayanta. Ta ga zufa ta tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Ta ga idonsa yana yawo a ɗakin, layi bayan layi, har ya tsaya a na bakwai. Ciki ɗaya suka fito, ta san wannan kallon. Shi ne kallon da yake yi tun suna yara in ya fasa abu kuma ya ji takun Baba.

"Jama'a, don Allah a saurara," ya ce, ya ɗaga hannu biyu. "Malam yana da gaskiya. Ni kaina yanzu nake ganin rubutun nan. Wannan ɓangaren ba aikina ba ne."

"Na wane ne?"

"Ƙanwata ce. Nana Hauwa. Ga ta can a layi na bakwai."

Kai ɗari huɗu suka juyo lokaci ɗaya.

Shekara biyu tana jiran ya kira sunanta a gaban mutane. To ga shi, ya cika alkawari.

"Ba wai tana rubuta manhaja ba ne," ya ƙara da murmushin ban haƙuri. "'Yar shigar da bayanai take taya ni, don kada ta zauna haka a gida. Kun san yaran mata da rawar kai. Laifina ɗaya, na yarda da ita ban duba ba."

"Kan uba!" Jamila ta miƙe. "Wallahi ƙarya yake! Ita ta..."

"Malama, a zauna don Allah," in ji Mikail. "Ita mai sunan ta fito."

Ba ta san yadda ta isa dandamalin ba. Ta dai san ƙafarta ta harɗe da hijabi a mataki na biyu, wani ya yi dariya daga baya. Tana zuwa kusa da shi ya dafe makirfonsa da tafin hannu, ya sunkuyo kamar mai lallashi.

"Ki karɓa kawai. Ke ba ki da abin asara, ni kuwa sunana ne a gaban masu zaɓen waɗanda za a tura ƙasar waje. Ki rufa min asiri, za mu yi magana a gida."

"Yaya, na ce kada ka ɗora."

"Taswirar ta yi fayau da yawa, me zan nuna musu? Ki karɓa, na ce."

Mikail ya miƙa mata makirfo. Ya yi mata nauyi a hannu kamar taɓarya.

"Assalamu alaikum." Muryarta ta fita siririya. Ta gyara. "Ina roƙon a buɗe tarihin aikin a allo."

Zaharaddeen ya yi saurin cewa, "Ba sai an..."

"A buɗe," in ji Malam Nata'ala.

Aka buɗe. Jerin ajiya ya zubo daga sama har ƙasa, dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu. Zaharaddeen Mustafa. Zaharaddeen Mustafa. Zaharaddeen Mustafa. Na can sama, na jiya da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, shi ne wanda ya ɗora jan layin. Shi ma Zaharaddeen Mustafa.

"Yaya," ta ce, yanzu muryar ta tsaya, "a harkarmu sunan da yake gefen aiki shi ne mai aiki. Idan sunan nan gaskiya ne, to jan layin ma naka ne, ga shi da sunanka. Idan kuma jan nawa ne duk da sunanka yana kai, to sauran dubu da ɗari huɗun ma nawa ne. Ka zaɓi ɗaya."

"Ehhh!" wasu samari suka ɗauka daga baya. Jamila har da tafi ita kaɗai.

Ni kaina na ce yau an kama shi. Ashe ban san Zaharaddeen ba.

Ya yi 'yar dariya, ya girgiza kai, irin ta babban da yaro ya yi wa rashin kunya a gaban baƙi.

"Kun gani ko? Gida ɗaya muke, laftof ɗaya, ta san lambar sirrina. Amma a bar wannan. Tambaya ɗaya zan yi, ku ku yi hukunci. Ni namiji ne baligi. Ta ina zan shiga bayan madafin Hajiya? Ta ina zan san ɗakin 'yan matan Alhaji Ilu? Wa ake bari ya shiga irin wuraren nan?"



Abin da ya kamata ya zama shaidarta, shi ya ɗauko ya shaƙe ta da shi.

Malam Nata'ala ya juyo gare ta. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Malama, ke kika shiga gidan mahaifiyata?"

"Ni ce, Malam. Amma ba don..."

"Ta karɓe ki?"

"Ta karɓe ni."

"Ta ba ki ruwa?"

Hawaye ya ziraro mata. "Har da fura."

"Ke kika rubuta ƙofarta ba sakata?"

"Ni ce. Don ungozomomi na rubuta, Malam, in an fito da mai naƙuda kada a tsaya bugu. Na ware shi daban, na rubuta kada a ɗora, shi ne ya..."

"Ban tambaye ki wannan ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na sani. Amma abin da ba a rubuta ba, ba a ɗora shi. Kin sha furarta kin fito kin rubuta kurma ce."

"Malam, wallahi..."

"A goge shi. Yanzu, ina tsaye."

Zaharaddeen ya matsa daga gaban laftof ɗin da sauri, har da nuna mata kujera.

"Zo ki kwashe abinki."

Ai dole ya matsa. Gogewa daga sama kowa ya iya, amma a bi tarihin aiki a tuge abu tun daga saiwarsa, wannan sai wanda ya san cikin aikin.

Ta zauna. Hawaye yana ɗiga a kan madannai, yatsunta kuwa ba su tsaya ba. Baƙin allo ya buɗe, umarni yana bin umarni, ko sau ɗaya ba ta tsaya tunani ba. Kafin minti ɗaya jan layin ya ɓace, daga taswira har tarihi.

Duk wanda ya san aiki a ɗakin nan ya ga hannun, ya kuma gane. Ta ga wasu suna kallon juna. Ta ga shi kansa Malam Nata'ala ya bi yatsunta da ido, ya kalli Zaharaddeen, ya sake kallonta. Ya gane sarai. Sai dai mutumin da aka tona wa uwa asiri ba shi da sauran adalcin da zai raba wa wani.

"An goge, Malam," ta ce.

"Kalli saman allon, hannun dama."

Ta kalla. Adadin waɗanda suka kwafi aikin zuwa nasu shafin ne a wurin.

286.

Sai ta tuna. Lambar da Yaya ya sa kowa ya haska tun farkon jawabi. Naka kawai kake iya gogewa, na hannun mutane ya zama nasu, haka dokar harkar take, ita ma da bakinta ta sha yabon wannan doka. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ta miƙe ta riƙe makirfo da hannu biyu.

"Don girman Allah, duk wanda ya kwafa ya goge. Don darajar iyayenku mata. Gidajen tsofaffi ne da zawarawa. Ni ku zage ni, ku yi min duk abin da kuke so, amma ku goge."

Da yawa sun sunkuya kan laftof, Allah ya saka musu. Adadin ya sauka zuwa 240, ya sauka 219, ya tsaya. Daga can baya wani ya ɗaga murya.

"Hajiya, ai an makara, hoton har ya shiga guruf ɗin unguwa!"

Wasu suka yi dariya. Wallahi dariya suka yi.

Mikail ya matso yana gyaran murya, shi ta taronsa yake.

"To, alhamdulillah, an ɗauki mataki. Muna yaba wa Malam Zaharaddeen da ya fito fili ya faɗi inda matsalar take, wannan shi ne ruhin open source. Don gudun gaba, muna ba da shawara a rubuta sanarwa a fuskar aikin, a fayyace wa ya yi me."

"Yanzu ma kuwa," in ji Zaharaddeen. Ya ja kujerar da ta tashi daga kai ya zauna. Wannan kam ya iya.

Wayarta ta hau ruri a cikin jaka. Ta ciro. IYA 'YARDADA.

Ta ja baya zuwa gefen dandamali, ta juya wa mutane baya, ta kara a kunne.

"Iya..."

"'Yar nan, kina ina?"

Muryar a kwance take, ba faɗa, ba kuka. Da ma ta yi faɗan.

"Iya, ina wurin taro. Don Allah ki tsaya na yi miki bayani, wallahi ba ni na..."

"Jikar Alhaji Ilu ta nuna min hoto a waya. Na ga gidansu, na ga na Hajiya Binta, na ga nawa. Yanzu haka magini yana gidan Alhaji Ilu da bulo, ya ce kafin la'asar a toshe ƙofar. Gidan marigayi Sani ma sun aika a kira shi. Shekara hamsin ina bin ƙofofin nan, uwata ma ta nan ta bi. Ke kanki da kika zo a gicciye, ta nan muka fitar da uwarki."

"Iya, Yaya ne ya ɗora, na rantse da..."

"Ban tambaye ki wa ya ɗora ba. Shi ban nuna masa ba. Ke na nuna wa."

Nana Hauwa ta dafa bango.

"Sadiya matar Ado watanta ya tsaya, yau ko gobe," tsohuwar ta ci gaba. "In abin ya zo da gardama, sai mu zaga ta lungu, mu ɗauke ta a kafaɗa. Na ce bari na gaya miki, tunda ke ce mai ƙirga minti."

"Iya, ki yafe min. Zan zo yanzu, zan bi gida-gida na durƙusa..."

Tafi ya tashi a bayanta, ɗan kaɗan, na jin kunya. Ta waiwaya.

Yaya ya gama rubutunsa, yana mayar da wayarsa aljihu. Ga shi a babban allo, a fuskar Lungu, inda duk wanda ya buɗe aikin daga ko'ina a duniya zai fara gani:

*Mai aikin: Zaharaddeen Mustafa.*

*Bayanan cikin gidajen mutane da aka cire: Nana Hauwa Mustafa, Kabara, ita ta tattara, ita ta rubuta.*

Bai yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Har unguwa ya sa mata.

Ta tsaya tana kallon sunanta a kan aikinta, karo na farko cikin shekara biyu.

"Kina ji na?" in ji Iya 'Yardada.

"Ina ji, Iya."

"Ba sai kin bi gida-gida ba, duk ga su nan a zauren gidanku, a nan nake. Riƙe, ga Malam babanki."

Aka yi 'yar ƙara, waya ta sauya hannu. Ta ji hayaniyar maza, ta ji muryar Alhaji Ilu sama da ta kowa, sannan aka yi tsit.

Baba bai taɓa kiranta da komai ba sai Nanata, tun tana rarrafe.

"Hauwa'u."

"Na'am, Baba."

"Ɗan'uwanki ya turo min saƙo, na karanta wa mutanen nan. Yanzu daga bakinki nake son ji, ga su suna saurare. Ke kika rubuta?"